Tsohon da ya ɓata wa yayana suna, ni aka ce in rubuta tarihinsa

Sati uku da suka wuce muna zaune a fada bayan isha'i, kuran ya tafi, ana jiran shayi na biyu, sai wani abokinmu da ke cikin masu shirya bikin karrama wani tsohon mai sharhin wasanni na garin nan namu Damagaram ya juyo ya ce mini, kai da hannunka ya faɗa da rubutu ai kai za ka rubuta mana tarihin Baba, shafi 2 ko 3, a karanta ranar biki kuma a sa a Facebook. Na yi shiru. Waɗanda suka san zancen su ma suka yi tsit, har mai dafa shayin ya tsaya da fifita gawayi yana kallona. Shi abokin namu bai sani ba, ba a kartiyenmu ya tashi ba, da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce masa to bari in yi shawara, kuma tun daren nan abin yake cina, shi ya sa na ce bari dai in zubo shi a nan ko na samu sauƙi.

Ba zan faɗi sunan tsohon ba, ba zan faɗi gidan rediyon da ya yi aiki ba ko jaridar da yake aika wa rubutu, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba bai yi asarar komai ba. Abin da zan ce kawai, mutum ne da ya yi sama da shekara 30 yana magana a kan kokowa da balo, da Hausa a rediyo, da Faransanci kuma a ɗan filin da yake da shi a wata jarida ta mako-mako. Mu da muka tashi lokacin da tele ɗaya ce a layi, muryarsa ce idonmu. In lokacin takobi ya zo, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, jihohi 8 kowace ta kawo ƴan kokowarta 10, a yi kwanaki ana gwabzawa, za ka bi ta kasuwar Dole ka ji murya ɗaya tana fitowa daga rumfar mai nama da ta tela da ta mai gyaran agogo, ba sai ka tsaya ba, kana tafiya kana jin kokowar ba ta yanke maka. Daga bakinsa na fara jin cewa a Tawa aka fara gasar takobi a 1975 kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauka. Daga bakinsa na san Salma Ɗan Rani da Kadade, na san waye Langa-Langa tun kafin in san cewa sunan da ke kan filin kokowarmu sunan mutum ne. In ya fara ba da labarin shekarar 1984 da ƙungiyar balo ta Espoir ta nan Damagaram ta ɗauki kofin ƙasa, wallahi sai ka rantse kana cikin filin, alhali wasunmu ko haihuwarsu ba a yi ba.

To wannan mutumin ne ya kashe wa yayana kokowa da jimla ɗaya.

Yaya ɗan kokowa ne, ba babba ba, amma yana tasowa, an fara sanin sa a ƙauyukan wajen Mirya da Magarya, makaɗa sun fara sa shi a kiɗa. Shekarar da muke sa ran zai shiga cikin goman da za su wakilci jiha, a wajen zaɓe ya haɗu da wani yaro da kowa ya san ya fi shi, ko minti ɗaya ba a yi ba yaron ya ɗauke masa ƙafa ya kai shi ƙasa. Kaye ne irin wanda ke samun kowa, ƙafa ta zame, hankali ya rabu, shi ke nan. Da yamma muna tsakar gida, Inna tana tankaɗe, Yaya yana kwance a tabarma ya rufe fuska da hannu, rediyo tana kan turmi da aka kifa. Sai tsohon ya zo kan wannan karawar, ya ɗan yi dariyar nan tasa, ya ce wannan kayen dai jama'a da wari, ana cewa an ga wasu sun shiga bayan rumfa kafin a fito. Bai ce an saya ba, bai ce an sayar ba, amma duk Damagaram ta ji abin da yake nufi. Inna ta tashi da garin a hannunta ta kashe rediyon, har yau ina ganin shatar yatsunta fari a jikin maɓallin. Yaya bai ce uffan ba. Washegari ya fita sayen koko yara suna tambayarsa jika nawa aka ba shi. Bai ƙara ɗaura walki ba, layunsa Inna ta zuba a tsohuwar kwalla, daga baya ya koma kabu-kabu, yanzu yana da ɗan shagon kayan babur. Magana zarar bunu ce, wannan karin maganar a gidanmu ba a makaranta muka koye ta ba.

Kun ga ke nan in da wanda ya kamata a ce bai dace ya rubuta tarihin mutumin nan ba, ni ne. Kuma na yarda da haka rabi. Amma da na duba abin da waɗanda ba su da wani ciwo a kansa suke rubutawa tun da aka sanar da bikin, sai na ga su ma ba adalcin suke yi ba, kawai dai son ransu bai da tabo ne da za a nuna.

Kashi biyu ne. Akwai masu kirari, waɗannan sun mayar da Facebook filin roƙo, gagarabadau, bango madafar bayi, wanda bai taɓa faɗin ƙarya ba, wanda babu kamarsa daga nan har Dakar. Yawancinsu yara ne da ba su taɓa jin shirinsa ko sau ɗaya ba, hoto suka gani an partaje, tsoho da farin gemu da makirfo, suka ga ana yayi suka bi. Ka tambayi ɗaya daga ciki ya faɗa maka sharhi guda da tsohon ya taɓa yi, sai ya turo maka hoton hannu biyu na addu'a. Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu tsiya, su kuma a WhatsApp suka fi ƙarfi, bokal, wato saƙon murya, na minti 7 mutum yana numfashi sama-sama, ai ɗan amshin shata ne, ai ba ya yabon ɗan kokowa sai an cika masa aljihu, ai shi ya raba wane da wane, ai ƙabilanci ne da shi ba ya son Maraɗawa. Abin da ya ba ni mamaki har labarin Yaya na ji a ɗaya daga cikin bokal ɗin, amma an canza shi, an ce wai yayan nawa haukacewa ya yi ya shiga duniya. Mutumin da na bari da safe yana ƙirga bujin babur a shago! Nan na gane masu zagin ma ba don Yaya suke yi ba, sanda suka samu a ƙasa suka ɗauka.

Ni a ganina ɓangarorin nan biyu cuta ɗaya ke damun su, kowa ya riga ya yanke hukunci sannan ya fita neman shaida. Kuma inda ake gane wannan cutar ba a manyan maganganu ba ne, a ƙananan kalmomi ne da mai rubutu ke tsammanin ba a lura. Ku duba, in na rubuta cewa Baba ya ce bai taɓa karɓar kuɗin kowa ba, wannan labari ne. In na rubuta Baba ya yi iƙirarin bai taɓa karɓa ba, na riga na ɗaga gira, na ce wa mai karatu kar ka yarda. In kuma na rubuta Baba ya bayyana cewa bai taɓa karɓa ba, to na sa masa hannu na buga hatimi. Magana ɗaya ce ta fito daga bakin mutum ɗaya, amma ni mai alƙalami na zaɓi rigar da zan sa mata. Haka kalmar gogagge da fitacce da shahararre, suna da daɗin baki amma ba su ɗauke da komai, gara ka ce mini ya yi sharhin gasar takobi shekara kaza a jere, ni da kaina zan ce gogagge ne. Haka ita ma kalmar mai yawan jawo cece-kuce, wadda ƴan jarida ke so, wa ya yi cece-kucen, yaushe, a kan me? In ba ka da amsa to zagi ne ka sa wa babbar riga.

Amma uwar su duka ita ce an ce. Ana cewa. Wasu na ganin. Jama'a na faɗin. Ita ce wuƙar da aka yanka Yaya da ita, don haka na san kaifinta. Daɗinta ga mai magana shi ne ba ta da uba, in aka tsare ka sai ka ce ai ni ban ce ba, cewa na yi ana cewa. To yanzu ga ni da alƙalami, ga bokal cike da waya, in na ga dama sai in rubuta ana cewa Baba yana karɓar ambulan na kuɗi, ba wanda zai kama ni da ƙarya don gaskiya ne ana cewa. Na zauna da wannan tunanin dare guda cur, ba zan ɓoye muku ba ya yi mini daɗi. Har na rubuta jimlar na karanta ta da ƙarfi. Sai na ji muryata ta koma irin tasa ta ranar nan, har da ƴar dariyar. Na goge.

Zancen ambulan ɗin ma bari in ɗan tsaya a kansa, don kar a ce na share. Kowa ya san ana ba ƴan jarida kuɗin mai bayan taro, ba a wasanni kaɗai ba, kuma kowa ya san abin da yawancinsu ke samu a wata bai kai ya riƙe gida ba, wasu ma a gidaje masu zaman kansu sai a yi watanni ba a ga komai ba. Kuma a kokowa kyauta a fili ake yin ta, alhazai da ƴan siyasa suna liƙa wa ɗan kokowa, su liƙa wa makaɗi, su liƙa wa cali-cali, mai makirfo yana kiran sunansu da adadin abin da suka bayar. Wannan duk zan iya rubuta shi a matsayin yanayin da mutumin ya yi aiki a ciki. Abin da ba zan iya ba shi ne in ce ranar kaza wane ya ba shi kaza don ya faɗi kaza, saboda ban gani ba, kuma duk wanda na tambaya cikin masu bokal sai ya ce shi ma wani ya gaya masa. Na bi zaren har mutum 4, na huɗun ya ce shi a tasha ya ji. Ba wai tsoron dokar laifukan intanet ta 2019 ya hana ni ba, ko da yake ita ma tana nan ga mai son ya gwada, kawai dai na san yadda abin yake in an yi wa naka.

Sai zargin cewa yana son kai, Damagaram kawai ya sani. Wannan kam gaskiya ne, kuma ko shi ba zai musa ba. In ɗan Damagaram ya yi kaye muryarsa har shaƙewa take, in aka kada namu sai ka ji kamar an yi masa rasuwa, ya fara neman laifin alƙali. Amma a nan ne nake ganin masu rubutu daga nesa suke kuskure. Wani yaro mai digiri ya ɗauko wata tsohuwar maganarsa a kan Maraɗawa ya fassara ta da Faransanci ya ce ga hujjar ƙabilanci. Da Faransancin kam ta yi muni, ni ma da na karanta sai da na ji wani iri. Amma wanda ya san yadda mu da Maraɗi muke a filin kokowa ya san tsokana ce da ake mayar masa da wadda ta fi ta zafi, gobe kuma a ci tuwo kwano ɗaya. Ƙasar da wasan taubasai ya kai har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, ba a ɗaukar barkwancinta a auna da ma'aunin wani wuri. Kuma shi mai sharhi ne, aikinsa ke nan ya faɗi ra'ayi, ba alƙalin wasa ba ne. Wanda ake nema wa tsayawa tsakiya shi ne ni da zan rubuta a kansa. Ni zan ce yana goyon bayan Damagaram a fili, wasu na jin daɗin haka wasu na jin haushi, in kawo misali, in bar mai karatu ya auna. Ban da ikon in mayar da shi waliyyin da bai da ɓangare, ban kuma da ikon in mayar da tsokana ƙiyayya.

Wani a fada ya ce to ai abin da sauƙi, ka raba biyu, shafi ɗaya yabo shafi ɗaya suka, kowa ya samu nasa. Na ce a'a, wannan rabon gado ne ba rubutu ba. Akwai abin da ba ya rabuwa. Ku tuna Oktoban 2011, ranar ƙarshe ta neman shiga kofin Afirka. Mena, ƙungiyar balo ta ƙasarmu, ta sha 3 da babu a hannun Masar, Afirka ta Kudu ta yi canjaras babu ci da Saliyo, ƴan wasanta suna rawa a fili suna murna sun wuce don sun fi kowa bambancin ƙwallayen da suka ci da waɗanda aka ci su. Mu nan an kashe tele, kowa ya kama gabansa rai a ɓace. Ashe ƙasashen uku kowace maki 9 gare ta, kuma dokar gasar ba bambancin ƙwallaye ta fara dubawa ba, sakamakon karawar da suka yi tsakaninsu ta fara dubawa, a nan kuwa mu ke gaba don mun doke su duka biyun a Yamai. Haka Mena ta tafi Gabon da Ikwatoriyal Gini a 2012, karo na farko a tarihi, Haruna Dula yana koci. To a daren nan in wani ya ce Nijar ta wuce wani ya ce Afirka ta Kudu ce, mai adalci ba zai ce kowa na da gaskiyarsa ba, zai buɗe doka ya karanta. Kuma tunda gaskiya ake so, a unguwarmu tsohon nan ne ya fara faɗa, wani maƙwabcinmu ya kira shi a waya yana ƙorafi, ya ce masa ku daina kuka ku ɗauko takarda ku yi lissafi, mun wuce. Maƙwabcin ya fito titi ba takalmi yana ihu. Na so in manta wannan don bai dace da hoton da nake riƙe da shi a zuciya ba, amma ya faru, ina wurin.

Babbar matsalarmu kuma ba mu da ajiya. Shirin rediyo iska ne, kaset ɗin da aka ɗauka an maimaita wani abu a kai ko zafi ya narkar da shi, jaridun kuma an naɗe ƙosai da tsire da su tun tuni. Saboda haka duk mai rubutu a kan irin waɗannan dattawan da tunanin mutane yake aiki, shi kuwa tunani ɗan son rai ne, abin da ya yi maka daɗi da abin da ya ƙona ka kawai yake riƙewa. Shi ya sa na ce ba zan rubuta ba sai na je na gan shi.

Na je ranar wata Alhamis bayan la'asar, can cikin Birni, lungun da babur ma sai an karkata. Na same shi a zaure kan kujerar roba, ido ya yi rauni, rediyo ƙarama a cinya. Na durƙusa na gaishe shi, Baba ina wuni, ina gajiya, ya jiki. Ya ce ɗan wa ke nan, na faɗi sunan mahaifinmu, ya ce Allah ya jiƙansa, bai nuna ya haɗa ni da kowa ba. Da na ce tarihinsa aka sa ni rubutawa sai ya yi dariya ya kira jikarsa ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Cike take da kaye, wato littattafan rubutu na ƴan lakwal, masu shafi 100 da masu 200, kowanne an rubuta shekara a bango. Duk karawar da ya taɓa kallo tana ciki, wane da wane, minti nawa, da wace dabara aka yi kaye, wa ya yi alƙalanci, da jan biro da shuɗi. Wallahi jikina ya yi sanyi, ban san akwai mai irin wannan a garin nan ba, kuma ba na jin wani ofis yana da kwatankwacinsa.

Na nemi kayen shekarar Yaya, hannuna yana rawa na buɗe har na samu. Layi ɗaya ne. Sunan Yaya, sunan yaron, ƙasa da minti ɗaya, ɗaukar ƙafa. Babu wari, babu bayan rumfa, babu komai. Na ce Baba wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ga abin da ka faɗa a kansa a rediyo ranar. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, ɗana, ban tuna ba. Ya ce amma in ka ce na faɗa to na faɗa, don na san bakina a lokacin, wani ne zai raɗa mini a kunne ina kan magana ni kuma in saki don shiri ya yi armashi. Ya ce abin da na gani da idona shi ke cikin kaye, abin da ba ya ciki ban gani ba. Sai ya tambaye ni yana raye? Na ce yana raye, yana da ƴaƴa 5. Ya ce ya ci gaba da kokowa? Na ce a'a Baba, daga ranar bai ƙara ba. Ya sa hannu ya kashe rediyon da ke cinyarsa, muka zauna haka har aka kira magariba.

Abin da ya fi ƙona ni a hanyar komawa shi ne ban tuna ba ɗin nan. Mu mun yi shekaru muna ɗauke da jimlar, shi ko a kayensa ba ta samu shiga ba. Amma kuma shi ya nuna mini girman da zan ba ta a rubutun. A rayuwar gidanmu maganar nan dutse ce, a aikinsa na shekara 30 da ɗori rana ɗaya ce cikin dubbai. In na ba ta shafi 2 cikin 3 na yi ƙarya da ma'auni ko da kowace kalma gaskiya ce, tarihin gidanmu na rubuta na liƙa masa sunansa. In kuma na cire ta gaba ɗaya don ana biki, don tsoho ne, don a rufa asiri, to na ce wa duk yaron da ke riƙe da makirfo yau ka faɗi abin da ka ga dama, in ka yi furfura za a wanke ka. Malaminmu na makarantar dare ya sha karanta mana ayar nan ta cikin Ma'ida da ke cewa kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, da ina ɗaukar ta wa'azin alƙalai da sarakuna, ban san za ta biyo ni har kan shafi 3 na bikin karramawa ba.

Ga yadda na yi. Na fara da faɗin ko ni waye, cewa akwai abin da ya taɓa shiga tsakanin gidanmu da shi, don mai karatu ya san da wane ido zai karanta ni. Na ba aikinsa mafi yawan wuri, muryar, kayen nan na cikin akwati da nake roƙon a nemi yadda za a adana su kafin gara ta riga mu, daren 2011, yaran da ya koya wa aiki. Na ce ɗan Damagaram ne a sharhinsa ba ya ɓoyewa. Sannan sakin layi ɗaya, jimla 4, na ce akwai lokutan da ya saki zargi a iska ba tare da ya tabbatar ba, na san guda ɗaya da ya sa wani matashi barin kokowa, na tambaye shi, ga amsar da ya ba ni. Zancen ambulan ban sa ba.

Masu shirya biki ba su ji daɗi ba. Abokin nawa ya kira ni ya ce haba kai kuwa, ranar farin ciki, gaban manyan baƙi, a cire wannan sakin layin mana. Na ce ku kuna da ikon ku ƙi karantawa a wajen biki, taronku ne, kuma na gane biki ba kotu ba ne, amma wanda za a sa a intanet da sunana a ƙasa ba zan cire ba. Wani kuma daga masu bokal da ya ji labari ya aiko mini cewa an saye ni, wai nawa tsohon ya ba ni. Na yi dariya har da hawaye, na ce ashe abin gado ne a gidanmu.

Wanda nake jin tsoronsa dai Yaya ne. Na same shi a shago jiya da rana yana cin shinkafa da wake a kwanon roba, na zauna kan benci na ce Yaya ga abin da na rubuta, in ka ce a yaga a yaga. Ya ce karanta ina ji. Na karanta tun daga farko, yana ci bai ɗago ba, da na zo kan sakin layin nan ya tsaya da tauna, da na wuce ya ci gaba. Na gama ya sha ruwa ya wanke hannu, wani ya zo sayen tiyub ya sallame shi, sannan ya ce ka yi mantuwa. Na ce ta me? Ya ce sunan nan da duk gari ke kirana da shi, har ƴaƴana a lakwal da shi ake gane su, ka san wa ya sa mini? Na ce makaɗa mana. Ya ce a'a, shi ne, ranar da na kada wani ƙato a Mirya, shekara 2 kafin wancan abin, a rediyo ya raɗa mini shi kuma ya bi ni. Ya ce ka ƙara wannan, ka sa shi kusa da ɗayan.

Na ce to za ka je bikin? Ya ce ranar Asabar ce, kasuwa ake, wa zai tsare mini shago.